Bayan katangar tare ƙasa: tsakuwa, yashi ko jar ƙasa, kuma ta ina ruwa zai fita?

Duk wanda ya sayi fili a gangare zai zo wannan gaɓar, ko a Mpape da Katampe ne a Abuja, ko a unguwannin Jos da ke jikin duwatsu, ko a gefen kwaruruka a Gombe. An yanke tudu don fili ya baje, an tayar da katanga ta tare ƙasar sama, sai ga dogon rami tsakanin katangar da tudun yana jiran ciko. A daidai lokacin aljihu ya yi sanyi, ƙasar da aka haƙo kuma ga ta nan jibge a gefe kyauta. Birkila zai ce, "Alhaji, a mayar da ita kawai, ai daga nan ta fito." Da yawa daga katangun da ke kifewa a watan Agusta, tun ranar da aka amsa wannan shawarar suka fara faɗuwa.

Kafin a kwatanta kayan ciko, a fara da sanin abin da katangar ke dako. Ɗauki katanga mai tsayin mita 2, bayanta cike da ƙasa mai yashi-yashi, busasshiya. A kan kowace mita ɗaya ta tsawonta, ƙasar na tura ta da ƙarfin da ya kai kimanin tan 1.2. Idan ƙasar nan ta sha ruwa ta ƙoshi har sama, ruwan bai sami hanyar fita ba, turin zai haura zuwa wajen tan 2.7. Ƙarin ya yi daidai da nauyin buhun siminti 30 a kan kowace mita. Dalilin shi ne ƙwayoyin ƙasa suna riƙe juna, don haka wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyinsu kawai ke komawa turi zuwa gefe. Ruwa ba shi da wannan riƙon, da dukkan nauyinsa yake jingina. Tsayi ma ba ya tafiya da lissafin kasuwa: ka ninka tsayin katanga sau biyu, turin ya ninka sau huɗu, ƙarfin da ke son kifar da ita kuwa sau takwas. Shi ya sa dabarar da ta tsayar da katanga mai kai ƙugu shekara goma take kunyata mutum a mai mita 3 tun daminar farko.

Ruwan kuma ba kaɗan ba ne. Abuja da Jos kowanne na samun sama da milimita 1,000 a shekara. Kano ba ta kai haka ba, amma nata cikin wata huɗu yake sauka. Ruwan milimita 50 a dare ɗaya a kan rufin da ya kai murabba'in mita 100, lita 5,000 ke nan, jarkar 'yan ga-ruwa 200. In indararon gidan sama a bayan katangarka yake zuba, ka san abin da ta kwana tana ɗauka.

Abin da za a zuba

Mu fara da ƙasar wurin, tunda ita ce kyauta. Ba a yanke mata hukunci da ido. Ɗebi kaɗan ka jiƙa, ka murza a tafin hannu. Idan ta yarda ta miƙe siririya kamar taliya ba ta karye ba, yumɓu ya yi mata yawa. Ko ka zuba ta a gorar ruwa mai haske zuwa rabi, ka cika da ruwa, ka girgiza ka ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, mai laushi ya biyo baya bayan sa'o'i, yumɓu kuwa ya bar ruwan a gurɓace har washegari. Kaurin kowane layi zai gaya maka abin da ke filinka.

Ƙasa mai yumɓu ita ce mafi muni a bayan katanga, kuma sharrinta ba na dare ɗaya ba ne. Da damina ta sha ruwa ta kumbura ta tura katangar gaba kaɗan. Da rani ta bushe ta tsattsage, ƙura da ɓarɓashi su cika tsagar. Damina ta dawo, ruwa ya bi tsagar nan kai tsaye zuwa ƙasa, ta sake kumbura daga inda ta tsaya bara. Katangar ba ta taɓa komawa baya, kowace shekara sai dai ta ƙara sunkuyawa. Mutanen Numan da Dikwa da sassan Gombe da ke kan baƙar laka, wadda Barebari ke kira firki, sun san wannan ƙasar ko a daɓen ɗakunansu. Idan ita ce a filinka, a kwashe ta a kai lambu, kada a mayar ko kwano ɗaya.

Jar ƙasa ita ce ke rikita mutane, domin suna ɗaya ne a kan abubuwa daban-daban. Akwai marmara mai tsakuwa-tsakuwa da ake zubawa a hanya, akwai kuma ja mai danƙo wadda kusan yumɓu ce. Marmara tana daɓuwa da kyau, tana ɗaukar nauyi, tana da arha kusan ko'ina a Arewa, kuma ba ta kumbura kamar baƙar laka. Sai dai abin da ya sa ake son ta a hanya shi ne aibinta a nan: idan aka daɓe ta, ruwa ba ya ratsa ta da sauri. Wanda ya samu ya shiga ta tsaga ko ta jikin katanga, zama zai yi. Don haka ni a wurina marmara ciko ce mai kyau, amma ba ita za ta taɓa jikin katangar ba.

Yashi ya fi ta sakin ruwa nesa ba kusa ba, in dai yashin rafi ne mai kaushi, irin na kwaɓa kankare. Rairayi mai laushi da iska ke tarawa, da yashin shafe, ba su cikin wannan magana. Matsalar yashi biyu ce. Ta farko, yana bin ruwa ya fita. In ka ga tulin yashi a bakin kowace rariya bayan ruwan sama, to ciki ana rarakewa ne, wata rana daɓen sama zai lotsa. Ta biyu, al'adar leburori ta kwarara wa yashi ruwa da tiyo don ya zauna. A cikin harsashin ɗaki wannan na iya wucewa. A bayan sabuwar katanga kuwa gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin da hannunka ka ɗora mata nauyin da kake tsoron damina ta kawo, tun kankarenta bai gama ƙarfi ba.

Buraguzan gini ba sai an daɗe a kansu ba. Fasasshen kankare mai tsafta, in an tsince shi an farfasa, zai yi. Amma abin da tifa ke kawowa daga rusau, da guntun bulo da filasta da katako da leda, ramuka yake bari a ciki, daga baya ya zauna, filastar kuma ta narke ta toshe hanyar ruwa.

Saura tsakuwa, ta dutsen da aka fasa, mai girman wajen milimita 20, irin wadda ake zuba dakin, wato rufin kankare, da ita. Ruwa na wuce ta kamar ya wuce kwando. Ba ta kumbura, ba ta bin ruwa, kusurwoyinta na cije juna don haka turinta a kan katanga kaɗan ne, kuma ba ta buƙatar daɓe mai yawa. Sharaɗi ɗaya ne: ta zo da tsafta. Idan an haɗo ta da garin dutse, garin zai cike ƙofofin da kake biyan kuɗi dominsu. Ka je da kanka wurin lodi, ko ka duba kafin tifa ta juye. Aibinta tsada, musamman inda dutse ke da nisa. Mutumin Mpape da wurin fasa dutse ke bayan gidansa ba ɗaya yake da mutumin Maiduguri ba.

A nan ne mutane ke tsorata ba dalili, suna zaton sai an cika ramin duka da tsakuwa. Abin da ake buƙata shi ne zubi mai faɗin aƙalla santimita 30 a jikin katangar, daga gindi zuwa kusa da sama. Sauran ramin, daga bayan tsakuwar zuwa tudun, marmara ce za ta cike shi. Katanga mai tsawon mita 20 da tsayin mita 2, tsakuwarta kubik mita 12 ce, wajen tan 18 zuwa 19. Ka ɗora wannan a kan kuɗin siminti da rodi da aikin da ka riga ka kashe, ka ga ko ya kai abin da za a yi caca da katangar dominsa. Yadda ake yi kuwa ba wuya: a tsayar da faifan katako a tsakani, a zuba tsakuwa ta gaba, marmara ta baya, a daɓe, a ja faifan sama, a sake.

Daɓen shi ma yana da ƙa'ida. Kaurin santimita 15 zuwa 20 a kowane zubi, da ɗan danshi, ba jagwab ba. Kusa da katanga, madaɓin hannu ko ƙaramin inji mai faranti. Babbar rola ko tifa mai lodi kada ta kusanci bakin, don nauyinta kaɗai na iya tsaga katangar da ba ta taɓa ganin ruwa ba. A kuma ba kankare lokacinsa. A kwana 7 wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa kawai ya samu, cikakken ƙarfin da ake lissafi da shi na kwana 28 ne.

Ta ina zai fita

Tsakuwa saukar da ruwa take yi zuwa gindi. In ba ƙofa a can, rijiya ka gina.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda kakanninmu suka sani, rariya a gindin katanga. A yau guntun fayif ne na roba, inci 3 ko 4, a ratsa katangar da shi a kowace mita ɗaya da rabi ko biyu, ɗan sama da ƙasar gaba, bakinsa ya ɗan sunkuya waje. In katangar ta yi tsayi a ƙara layi na biyu a sama. Kuɗinta kusan babu, kuma da ido kake ganin ko tana aiki: aka yi ruwa mai ƙarfi kwana biyu ba ta ɗiga ba, akwai magana. Amma tana da lahani uku da na sha gani. Ruwan da ke ƙasa da bakinta ba ya fita, yana nan yana jiƙa ƙasar da harsashin ke zaune a kai. Tana toshewa, zanzaro ya yi ɗaki a ciki, ɓera ya tara shara, ko mai shafe ya ga rami a bango ya ce ai aibi ne ya liƙe shi da siminti. Na taɓa zuwa duba wata katanga da ta yi ciki, na tarar rariyoyin duka suna nan, an shafe su sumul an yi fenti a kai. Na uku shi ne maƙwabci. Idan gaban katangar filin wani ne, duk abin da rariya ta fitar a tsakar gidansa zai sauka, kuma daga nan zuwa gaban mai unguwa ba nisa.

Hanya ta biyu ita ce fayif mai huje-huje da ake kwantarwa a bayan katangar, a gindin tsakuwar, ya bi tsawonta duka. Inci 4 ya isa yawancin gidaje. Ana sayar da mai huji daga kamfani, in ba a samu ba a huda na roba mai kauri da injin huji, layi biyu, ramukan su fi tsakuwar ƙanƙanta. A shimfiɗa masa tsakuwa kaɗan a ƙasa, ramukan su kalli ƙasa don ruwan da ke tasowa ya shiga tun bai yi tsayi ba, a ba shi gangara ta aƙalla santimita ɗaya a kowace mita, a kai bakinsa kwatar titi ko wani wuri da ya fi gindin katangar ƙasa. Ya fi rariya ta fuska biyu manya: yana kwashe ruwa daga can ƙasa, kuma kai ke zaɓar inda zai zuba. Rauninsa shi ne ba a ganinsa. In ya toshe ko an kwantar da shi da gangarar baya, ba mai sani sai katanga ta faɗa. Maganin wannan shi ne a ɗaga ƙarshensa na sama da gwiwa ya fito fili da murfi, yadda za a iya zura tiyo a wanke shi kafin kowace damina. Bakin ƙasa kuma a sa masa raga.

Kuskure ɗaya da ke maimaituwa: a ga fayif ya riga ya kwanta, sai a haɗa masa ruwan rufi don a huta. Fayif mai huji ba ya bambanta shiga da fita. Jarka 200 ɗin nan ta cikin ramukansa za su fito su cika bayan katangar. Ruwan rufi nasa fayif daban, marar huji.

In an tambaye ni tsakanin rariya da fayif, amsata ta dogara da tsayi da kuma wanda ke gaba. Katangar da ba ta kai mita ɗaya ba, gabanta filinka ne ko kwata, rariya da tsakuwa sun wadatar. Ta haura haka, ko akwai gida a ƙasa, fayif ne, sannan a bar rariyoyin a matsayin 'yan gadi. Ranar da ka ga suna zubar da ruwa sosai, sun gaya maka fayif ya toshe.

Akwai wata tabarmar roba mai ƙuraje da ake mannawa a bayan bango, fuskarta ɗaya rufe da yadi, ruwa ya bi tsakanin ƙurajen ya sauka. Amfaninta inda wuri ya matse, kamar bangon ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka haƙa dab da iyaka. Ba ko'ina ake samunta ba, daɓe da ganganci na yaga ta, kuma ita ma sai da fayif a gindi. Ga katangar gida mai sarari a baya, ban ga abin da ta fi tsakuwa da shi ba.

Hausa ta kira ramin ruwa rariya, ta kira abin tankaɗe rariya, kuma a wannan aikin sai an haɗa biyun. Tsakuwa ba tare da abin tacewa ba, shekaru kaɗan jar ƙasa za ta bi ruwa ta cike ta. Abin da ake sawa wani yadi ne mai kama da siririn bargo, jiyotekstayil, wanda ruwa ke ratsawa ƙasa ba ta ratsawa. A shimfiɗa shi tsakanin tsakuwa da marmara, daga ƙarƙashin fayif har a naɗe shi a saman tsakuwar. Naɗe jikin tsakuwar gaba ɗaya ya fi naɗe fayif kaɗai, domin ƙaramin yadin da ke jikin fayif saurin toshewa yake a ƙasa mai laushi. Leda ba ta maye gurbinsa, ita tare ruwa take yi. Gidan sauro kuma ƙofofinsa sun yi faɗi. Inda yadin bai samu ba, tsohuwar dabara tana nan: zubin yashin rafi mai kaushi, santimita 15 zuwa 20, tsakanin tsakuwa da ƙasa. Aikin ya fi wahala, amma yana yi.

Sama kuwa akasin ƙasa ake so. Kada tsakuwar ta fito fili, in ba haka ba duk ruwan da ya gangaro daga tudu cikinta zai faɗa. Santimita 30 na ƙarshe a rufe da jar ƙasa mai danƙo a daɓe, ko a yi daɓen kankare, a kuma yi ƙaramar kwata a bayan kan katangar ta kwashe ruwan sama zuwa gefe. A nan ne kawai yumɓu ke da amfani. Sokawe, ramin wanka, ambaliyar tankin ruwa, bishiya mai manyan saiwoyi, duk a nisanta su daga bayan katanga. Kwalta da ake shafa wa bayan bango tana hana danshi ɓata fenti, amma ba ta rage turin ruwa ko kaɗan, kada wani ya sayar maka da ita a madadin magudana.

Wanda bai riga ya yi ginin ba yana da wani zaɓin da ke kashe rabin wannan magana: katangar da ita kanta ruwa ke ratsawa. Mutanen Sukur a ƙaramar hukumar Madagali ta Adamawa, wurin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1999, sun daɗe suna tare gonakinsu a jikin dutse da jeren duwatsu ba siminti, hawa-hawa, kowane hawa gajere. Ruwa na fita ta kowace tsaga, don haka ba ya taruwa. Na zamani shi ne kwandon waya da ake cika da duwatsu, irin wanda ake gani a ayyukan gyaran kwari da bakin gada. Yana son faɗi, yana son waya mai rufin da ba ya tsatsa da yadi a bayansa, kuma ba kowa ke son ganinsa a tsakar gida ba. Amma a bayan fili ko bakin rafi, inda dutse ke kusa, ya cancanci a yi lissafinsa. Darasin hawa-hawa ma abin ɗauka ne: katanga biyu masu mita ɗaya da rabi, da tazara mai kyau a tsakani, sun fi guda mai mita 3 sauƙin riƙewa.

Tsakuwa da fayif ba sa mayar da katangar shinge ta zama ta tare ƙasa. Bulo inci 9 da aka jera ba rodi, ba a cika cikinsa da kankare ba, harsashinsa siriri, an yi shi ne don tare ido da ɓarawo. In ƙasar da za a tare ta wuce mita 1.2, ko akwai gini ko hanyar mota a samanta, a nemi injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ya fitar da kauri da rodi da faɗin harsashi. Ka tambaye shi kai tsaye ko lissafinsa ya ɗauka cewa bayan katangar a bushe yake. In ya ce e, to magudanar tana cikin ƙarfin katangar kamar yadda rodi yake, ba a cire ta don kuɗi sun gaza.

Ranar da aka kwantar da fayif, kafin a zuba tsakuwa a kansa, ka tsaya a wurin da kanka. Sa yaro ya juye bokiti uku ko huɗu ta bakin sama, kai ka tsaya a bakin ƙasa. Fayif mai huji zai zubar da wani a hanya, amma ka bi shi da ido ka ga inda ruwan ke nufa. In ya kwanta a tsakiya ko ya koma baya, a ɗaga a gyara gangarar a ranar, tun shebur ɗaya ya isa aikin.